Babban hutu a Yamai: abin da za ku duba kafin ku kai yaro koloni ko kur ɗin bakans

Da zarar an rufe lakwal a ƙarshen Yuni, sai tallace-tallace su cika wayoyin iyaye. Wannan ya ce kur ɗin bakans, wato darussan hutu, wancan ya ce koloni na sati biyu, wato sansanin hutu da yara ke kwana, ga masu koyar da kwamfuta, ga masu hadda, ga masu ƙwallo, kowace takarda da hoton yara suna washe baki. Iyaye kuma dole su saurara, don hutun dogo ne: Yuli, Agusta, Satumba, sai farkon Oktoba a koma. A 2024 ma sai da aka kai 28 ga Oktoba kafin a buɗe makarantu, saboda ambaliya ta lalata wasu azuzuwan, wasu kuma mutane sun fake a ciki. Wata uku yaro yana gantali a unguwa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai babban hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, kuma duk zaɓin da bai yi la'akari da wannan ba to an gina shi a kan toka. Filin da ya yi kyau a hoton da aka ɗauka cikin Afrilu yana iya zama tafki cikin Agusta. Ruwa, sauro, hanya, da manyan da za ku damƙa wa yaron, su ne abin dubawa, kuma babu ɗayansu da ake gani ta waya. Sai an taka ƙafa an je.

Me yaron yake buƙata

Kafin ku tambayi farashi, ku ɗauko takardar sakamakon yaron ku zauna da shi. Idan ɗan CE1 ne ko CE2, ku buɗe masa littafin karatunsa a shafin da bai taɓa yi ba, ya karanta da ƙarfi na minti ɗaya, sannan ya faɗa muku abin da ya fahimta da Hausa ko Zabarmanci. Yaron da ke haɗa baƙaƙe da ƙyar, ko wanda ya karanta tiryan-tiryan amma bai san abin da ya karanta ba, wannan yana buƙatar kur. Wanda zai shiga siziyem, ko ajin jarrabawa kamar turwaziyem da tarminal, shi ma kur na iya yi masa amfani. Amma yaron da ya zo na uku a ajinsa, kuka sake zaunar da shi kan benci wata biyu, ba abin da kuka ƙara masa sai gundura. Shi abin da ya dace da shi wasan motsa jiki ne, ko aikin hannu, ko karatun Alƙur'ani da ya yi baya a cikinsa.

Babbar matsalar kur ɗin bakans ita ce yawancinsu ba sa gyara abin da ya lalace. Mushe, wato malamin, yakan ɗauko darussan ajin da yaro zai shiga ya fara tun daga shafi na farko, don iyaye su ga kaye ya cika su ji daɗi. Yaron da bai iya rabawa ba sai a ɗora masa lissafin ajin gaba, ya haddace, a Oktoba ya zauna yana hamma, a Janairu kuma ramin da aka rufe da ganye ya buɗe. Don haka ku tambaya kai tsaye: "Mushe, ranar farko kuna gwada yara don ku san inda kowa ya tsaya?" Idan ba su yi, to kowa tuwo ɗaya za a tuƙa masa. Ku tambayi yawan yara a aji kuma. In sun kai hamsin ko sittin, kun biya kuɗi ne don a maimaita masa abin da ya hana shi ganewa duk shekara. Aji na gyara ya kamata ya tsaya wajen ashirin, kuma awa uku da safe sun wadatar.

Wuraren yini su ne waɗanda yaro ke zuwa da safe ya dawo bayan la'asar, a yi wasa, a yi zane, a ci abinci a can. Koloni kuwa kwana ake yi. Shi kwana ba da shekaru kaɗai ake auna shi ba. Yaron ya iya wanka da kansa ya wanke ƙananan kayansa? Zai iya tunkarar babban da bai saba da shi ba ya ce cikina na ciwo? Ya haddace lambar wayar babansa ko ta innarsa? Ya taɓa kwana biyu a gidan goggo ko kawu ba a yi ta rarrashi ba? Idan amsar biyu daga cikin waɗannan a'a ce, a bar shi a na yini bana. Ƙasa da shekara 8 dai, na yini ya fi. Mai fitsarin kwance kuma kada a tura shi cikin tsara ba tare da an yi magana da mai kula da ɗakin ba, don tsokanar da za a yi masa sai ta fi hutun tsawo.

Kada kuma a raina tsohuwar hanya. Sati uku a ƙauye wurin kakanni lokacin noma, ko safiya a shagon tela ko kafinta da kuka yarda da shi, sau da yawa sun fi koloni mai tsada koya wa yaro abin duniya. Su ma dai kwana cikin sange da dokar hana shiga gulbi suna kansu.

Wane ne mai wurin, su wa ke tare da yaran

Takarda mai kyau kowa na iya bugawa. Ku nemi sunan mutum guda da nauyin wurin ke wuyansa, ku gan shi ido da ido, ku ga takardar izinin makarantar ko ta ƙungiyar, ku tambaya ko akwai inshorar haɗari ga yaran da kuma abin da take biya. Mai gaskiya zai buɗe durowa ya nuna muku. Wanda ya fara cewa takardun suna wurin wani da ya yi tafiya, ku yi masa sallama. Koloni da manyan ma'aikatu da kamfanoni ke shirya wa ƴaƴan ma'aikatansu sun fi zama da takardu cikakku, amma su ma sukan ba wani kwangilar abinci ko ta mota, don haka tambayar ba ta faɗi ba.

Sannan ku ƙirga manya. A Faransa, inda muka aro kalmar koloni, doka ta ce monita, wato mai kula da yara, ɗaya ga yara 12 idan sun kai shekara 6, ɗaya ga 8 idan ba su kai ba. Ma'auni ne mai kyau, ku yi amfani da shi. Amma ku ƙirga waɗanda ke tsaye a kan yara kawai. Mai gadi, mai dafuwa, direba da darakta da ke ofis ba sa cikin lissafi, kuma ɗan lise mai shekara 16 da aka ba riga aka ce monita ne, shi ma yaro ne da ke buƙatar mai kula. Yara 60 ke nan suna buƙatar manya biyar aƙalla, kuma idan akwai ƴan mata dole a samu mata a cikin manyan, su ne kuma za su kwana kusa da ɗakin ƴan matan.

Akwai tambayoyin da kunya ke hana iyaye yi, alhali su ne suka fi muhimmanci. Ana duka a nan? Idan yaro ya yi laifi me ake yi masa? An yarda babba ya keɓe da yaro ɗaya a ɗaki a rufe? Manyan yara da ƙanana ɗaki ɗaya suke kwana? Wa ke da izinin shiga bayan isha? Ku yi su da murmushi amma ku yi su, ku kuma lura da fuskar mai amsawa. Wurin da aka tsara shi da kyau yana da amsa a shirye, domin sun riga sun zauna sun yanke: ba keɓewa, ƙofa a buɗe, ɗakuna bisa shekaru. Wanda ya ce "haba Alhaji, ai duk ƴaƴanmu ne" bai ba ku amsa ba. Wannan ya shafi wuraren hadda daidai da yadda ya shafi sauran. Darajar abin da ake koyarwa ba ta ɗauke wa iyaye nauyin bincike.

Ku nemi iyayen da yaransu suka je bara, amma ba waɗanda mai wurin ya ba ku lambarsu ba. A masallacin unguwar, ko wurin mai tebur da ke ƙofar makarantar, za ku ji abin da ba a rubuta a talla ba. Mai tebur ya san ko yara na fitowa titi ba mai tsaro, ya kuma san ƙarfe nawa malamai ke zuwa.

Ku je washegarin ruwa

Agusta shi ne watan da ya fi ruwa a Yamai. To ku jira a tafka ruwa da dare, da safe ku tafi ba tare da kun sanar ba. In kuna binciken tun Yuni ne, ruwan farko ma ya isa ya tona asirin wuri.

Tun daga hanya za ku fara karatu. Mota ko babur na isa ƙofar, ko sai an naɗe wando? Akwai gwalalo a buɗe ko kwari da yaro zai tsallaka? Ruwan da ke gudu a kwarin Gunti Yena ko cikin manyan gwalalo bayan ruwan sama yana iya ɗauke babba, balle ɗan CP mai jaka a baya. Unguwannin da ke ƙasa kusa da gulbi, irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga, kowa ya tuna yadda ruwa ya shiga su a 2020. Ba a ce kada a zaɓi wuri a can ba, amma ku tambaya ko ruwa ya taɓa shiga filin, kuma ina za a kai yara idan ya sake. Haka nan idan kuna Harobanda wurin kuma yana ɗaya gaɓar, ku lissafa cunkoson gadar Kennedy sau biyu a yini. Wuri matsakaici da yaro zai isa cikin minti goma ya fi hamshaƙin wuri da ke ƙarshen gari.

Cikin filin, ku zagaya bayan azuzuwa, nan ne ake jibge abin da ba a so baƙo ya gani. Tsofaffin tayoyi, gwangwanaye, kududdufin da ya kwana biyu: ku sunkuya ku duba, idan kun ga ƴan tsutsotsi suna wutsil-wutsil to sauro ne ke tafe, cikin sati ɗaya ko biyu za su tashi. Ku dubi katanga. Idan ta laka ce, gindinta ya jiƙe ya yi duhu ko ta tsage, kada yara su zauna a inuwarta, irinta ce ke faɗuwa ba sallama. Ku ɗaga kai ku dubi silin, tabon ruwa na nuna inda rufi ke yoyo. Ku dubi wayoyin kuran da ke lilo da soket da aka fasa, musamman kusa da pampo. Rijiya ko ramin salga da aka rufe da guntun kwano, wannan kaɗai ya isa ku fasa.

Daga nan ku ce a nuna muku makewayi, na yara, ba na darakta ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba makarantu ita ce makewayi ɗaya ga ƴan mata 25, ɗaya kuma da wurin fitsari ga maza 50, na mata dabam na maza dabam. Ku ga ko ƙofa na rufuwa daga ciki, ko akwai buta da ruwa, ko akwai sabulu a bakin fita. Ƴan mata da suka fara al'ada sukan ƙi shan ruwa duk yini don kada su shiga makewayi marar ƙofa, su dawo gida da ciwon kai ba su gaya wa kowa dalili ba.

Ruwan sha kuma a yi masa lissafi. Ƙa'idar ita ce lita 5 ga kowane mutum a yini a wurin da ba a kwana, lita 20 a wurin kwana. Yara 60 na yini ke nan lita 300, wato bido 12 masu lita 25. In kwana suke, lita 1200, bido 48. Yanzu sai ku tambaya: ranar da aka ɗauke ruwan pampo, ina tanadin? Idan daga ƴan garuwa ake saye, ana sa masa ƙwayar tsarkake ruwa a jira minti 30 kafin a sha? Randa ko bokiti a buɗe da moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa, hanya ce mafi sauƙi ta raba gudawa ga yara sittin a rana guda. Abin da ake so shi ne mazubi mai murfi da ɗan pampo a ƙasa, kowane yaro da gorarsa.

A madafa, abu ɗaya za ku tambaya kafin komai: ƙarfe nawa ake sauke abinci, ƙarfe nawa ake ci? Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafi ba. Shinkafa da wake da aka sauke ƙarfe tara aka rufe a kula sai ƙarfe biyu, ko miyar jiya da aka ɗumama sama-sama bayan an kwana ba wuta a firiji, su ne ke kwantar da yara. Kwaɗon zogale da salak suna da kyau, amma da wane ruwa aka wanke ganyen? Ku roƙi jadawalin abincin sati. Idan burodi da shayi ne kullum safe, taliya kullum rana, to yaron da ke guje-guje zai rame. A nemi wake, ƙwai, kifi ko nama ko da sau uku ne a sati, da kunu ko fura da aka dama da ruwa mai tsabta.

Sauro

A nan ya kamata a daɗe. Maganin rigakafin masassara da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bayarwa wata-wata da damina, galibi na yara ne daga wata 3 zuwa wata 59. Kulawa kyauta a likita ita ma ta ƴan ƙasa da shekara 5 ce. Ɗan lakwal ya fita daga duka biyun, ga shi kuma shi ne ke zama waje har dare. Sauron da ke kawo masassara daga magariba zuwa asuba yake cizo, shi ya sa haɗarin koloni ya ninka na wurin yini.

Don haka ku shiga ɗakin kwana ku ƙirga sange, ku ƙirga shimfiɗu. Kowace shimfiɗa da nata, mai magani, ba huji, kuma akwai ƙusa ko igiyar ratayewa a sama. Sange da ke cikin leda a ofis bai kare kowa ba. Wa ke zagayawa da dare ya ga an cusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma? Yara uku cikin sange ɗaya, na gefe zai kwana da hannu manne da raga, sauro ya cije shi ta waje. Mafi sauƙi ku ba yaron nasa daga gida, ku koya masa ɗaurawa, ya gwada sau biyu a gabanku. A sa masa riga mai dogon hannu da dogon wando don hirar dare.

Sai tambaya ta gaba: idan jikin yaro ya yi zafi ƙarfe ɗaya na dare, me ake yi? Amsar da ake so ita ce akwai ma'aunin zafi, akwai wanda ya yi horon agajin farko irin wanda Croix-Rouge ke bayarwa, an san CSI, wato likitar unguwa, ko kilinik mafi kusa da ke aiki da dare, akwai mota da mai a ciki, kuma za a kira iyaye nan take. Zazzaɓi da damina sai an yi gwajin jini na gaggawa, ba a ba yaro farasitamol a ce ya kwanta zuwa safe, ba a kuma sayo masa magani wurin mai talla. Jijjiga, amai da ba ya tsayawa, kasa shan ruwa, barci mai nauyi da ba a iya tashe shi, ko numfashi da ƙyar, waɗannan asibiti ake nufa ba jira. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17, ya kamata ku gan su a rubuce a bango.

Ku rubuta takardar lafiyar yaron ko da ba a nema ba: sunansa, nauyinsa, cutar da yake da ita, maganin da yake sha da lokacinsa, abincin ko maganin da jikinsa ba ya so, lambobin waya biyu, da kwafin karnen allurarsa. Nauyin yana da dalili, domin farasitamol da kilo ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, ba fiye da sau 4 a yini ba, kuma ba a ba yaro mai zazzaɓi asfirin. A akwatin maganin wurin ku duba ko akwai gishirin gudawa: ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, abin da ya rage bayan awa 24 a zubar.

Mai sikila kada a ɓoye ciwonsa don gudun a ƙi karɓarsa. Ƙishirwa, dukan ruwan sama, sanyin asuba da gudu fiye da kima duk suna tayar masa da ciwo, zazzaɓin da ya kai digiri 38 da rabi kuma a wurinsa gaggawa ne. Ku fara jin shawarar likitan da ke bin sa, kuma na yini ya fi dacewa da shi. Mai asma ya tafi da abin shaƙarsa a aljihunsa, ba a kulle a ofis ba.

Fita yawo

Kusan kowane shiri yana da ranar fita. Gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa tun 1959, ya dace da yara: ga dabbobi, ga ƙasusuwan manyan halittun da aka tono a arewacin ƙasar, ga maƙera da dukawa suna aiki a gabansu. Dashen itace ranar 3 ga Agusta shi ma abu ne mai kyau. Abin lura shi ne mota. Kowane yaro ya samu kujera, ba a loda su a bayan akori-kura, a ƙirga su da suna wajen shiga da wajen fita, kuma in hadari ya haɗu a fasa. Idan ruwa ya same su a fili, a shiga gini ko mota, ba gindin itace ba, saboda tsawa.

Gulbi kuwa, ku sa a rubuta muku cewa ba wanka, ba shiga kwalekwale ba tare da rigar ceto ba. Ban da nutsewa da dorina, ruwan gulbi, tafkuna da fadamun shinkafa suna ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, sai bayan makonni a ga jini a fitsarin yaro. Fita wajen gari kuma yanzu ba a yin ta da ka. Kure, inda raƙuman dawa suke, kilomita kusan 60 ne kawai daga Yamai, amma a can ne aka kashe mutum takwas a Agustan 2020. Duk tafiyar da za ta wuce shingen gari, ku ga izinin hukuma, ku san hanya da lokacin dawowa, kuma ku riƙe ikon cewa naku ba zai je ba. In ta ƙetare iyaka ce, sai da takardar amincewar iyaye da aka buga wa hatimi a hukuma da katin allurar shawara.

Kuɗi

Farashin da ke kan talla rabin labari ne. A ce an yanka muku jika 15 a wata. A ce zuwa da dawowa dala ɗari a yini, kwana 22 jika 11 ke nan. Ƙara dala arba'in na abin karyawa kullum, jika 4 da dala tamanin. Kun haura jika 30, ba a zo maganar riga, kaye, fotokwafi da kuɗin fita ba. Ku sa a rubuta muku duk abin da kuɗin ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, da abin da za a mayar idan yaro ya yi rashin lafiya ko aka rufe wurin saboda ruwa. Ku biya rabi, ku karɓi rasit mai hatimi, sauran bayan sati na farko. Kada ku tura kuɗi ta waya zuwa lambar mutumin da ba ku taɓa gani ba. Kafin duk wannan kuma ku ware kuɗin komawa lakwal, don Oktoba ba ta jiran kowa, kuma abin takaici ne a yi koloni a Agusta a rasa kuɗin teni da littattafai.

Ranar kai shi, da bayan nan

Kayan mai kwana ba su da yawa: kaya kala biyar da aka rubuta sunansa a ciki, rigar sanyi ɗaya, rigar ruwa, takalmi rufaffe da silifa, tawul, sabulu, soso, buroshi, gora, kofi, tocila da batir, sange, da leda ta ajiye jiƙaƙƙun kaya. Tawul, mataji da hula ba a aro, ta nan ƙazuwa, makero da apolo ke yawo. A koya masa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama. Babbar waya da kuɗi masu yawa su zauna a gida, sata da faɗa kawai suke jawowa. A maimakon haka a tsayar da lokacin da za ku riƙa magana da shi, kuma a ba shi wuri ya yi maganar ba monita tsaye a kansa.

Ga na yini, ku ba da sunayen waɗanda kawai aka yarda su ɗauke shi, ku gabatar da su ga mai gadi. In ɗan kabu-kabu ne, ya zama guda ɗaya sananne, ba yara uku a babur ɗaya ba. Sannan ku gwada ƙofar: ku aiki wani ɗan'uwa da ba ya cikin sunayen ya ce ya zo ɗaukar yaron. Idan aka miƙa masa shi ba tare da an kira ku ba, kun san matsayin wurin.

Kewar gida ta kwana biyu zuwa uku ba abin damuwa ba ce, kada ku yi saurin zuwa ɗauko shi. Abin da ba a yi wa haƙuri shi ne yaron da ya daina cin abinci, ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, yake tsoron wani mutum takamaimai, ko aka ga tabo a jikinsa da ya kasa bayani. Kada ku tambaye shi "lafiya lau ko?", zai ce lafiya lau. Ku ce: yau me kuka ci da rana, wa ya zauna kusa da kai, wane monita ne ya fi faɗa? Tun kafin ya tafi kuma ku gaya masa a fili cewa babu babban da ke da ikon taɓa masa al'aura ko sa shi riƙe sirri, kuma duk abin da ya faɗa muku ba za a doke shi a kai ba.

Idan ya dawo, a wanke kayansa duka a shanya a rana, a duba kansa da tsakanin yatsunsa. Masassara takan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu bayan cizo kafin ta bayyana, don haka yaron da ya sauko daga mota garau yana iya kwantawa bayan kwana goma. Da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwaji a ranar, a gaya wa ma'aikacin lafiya inda ya kwana da ko ya shiga ruwa. In an ba shi maganin kwana uku, ya shanye duka ko da ya tashi yana wasa tun rana ta biyu.